Injin da Zai Kai Yamma: Yadda Na Sake Haɗa Injin Motar Tserena a Bauchi

Injina na farko ya buga ne a zagaye na shida, da misalin ƙarfe sha ɗaya na safe, a wani filin tsere da ke Jihar Edo, bayan na ɗauko motar a bayan babbar mota tun daga Bauchi, ta Jos da Abuja da Lakwaja, tafiyar kusan kilomita 900. Ranar ba ta gasa ba ce. Irin ranar nan ce da ake buɗe fili ga duk mai mota da hular kwano, ya biya kuɗinsa, ya yi ta zagayawa gwargwadon iyawarsa, ba kofi ba kyauta. Ina fitowa daga wata doguwar kwana na taka totur, sai fitilar baƙin mai ta ƙifta sau ɗaya ta mutu, kuma kafin in kai kwana ta gaba na fara jin ƙara daga ƙasan injin kamar ana dukan uwar maƙera da ƙaramar guduma. Na kashe motar a gefen fili, na zauna a ciki ina lissafin abin da na kashe, yayin da wani mai tsohuwar Corolla da bai taɓa buɗe injinta ba ya ci gaba da wuce ni har la'asar.

Motar Honda Civic ce ƙirar 1998, wadda na cire mata kujerun baya da kafet da duk wani abin da ba ya taimaka wa gudu, sannan na saka mata injin K24 na Honda Accord ɗin da muke kira End of Discussion. Zaɓin injin ba shi ne kuskurena ba. Lita 2.4 ne, yana ba da ƙarfin doki 160 yadda ya fito daga kamfani, kuma saboda yawan waɗannan motoci a ƙasar nan, kayansa ba sa wuya a Ƙofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko Ladipo a Legas. Kuskuren yana inda na zuba kuɗina. Na sayi salansa mai ƙara, na sa buɗaɗɗiyar matatar iska, na sa aka ɗaga iyakar juyin injin zuwa 8,000 a minti, amma ban taɓa leƙa cikinsa ba. Injin ɗan Beljiyam ne, mai sayarwa ya rantse mini cewa kamar sabo yake, ni kuma na yarda domin ina son in yarda.

Masu wasan mota a bukukuwanmu sun sa mutane da yawa suna zaton cewa injin da ya jure ƙarar taya da hayaƙi na minti biyu ya jure komai. Abin da ke faruwa a filin tsere daban ne. Ana shiga a yi minti ashirin ba hutu, injin yana tsakanin juyi 5,000 da 7,000, ana taka birki da ƙarfi, ana shiga kwana da gudun da ke tura duk wani ruwa da ke cikin motar zuwa gefe guda, sannan a fito a huta kaɗan a koma, sau huɗu ko biyar a yini. Ko tafiya daga Bauchi zuwa Maiduguri a tsakiyar watan Afrilu ba ta gallaza wa injin haka, domin a kan hanya yawanci ɗan kaso kaɗan na ƙarfinsa ake amfani da shi.

Da na dawo gida na kai motar wurin wani dattijon bakanike a kan hanyar Jos, wanda ya yi ƙuruciyarsa a kamfanin Steyr lokacin da ake harhaɗa manyan motoci da taraktoci a nan Bauchi. Ya sauke kwanon baƙin mai da ke ƙasan injin, ya tsoma yatsa ya ɗago shi a rana, man yana ƙyalli kamar an barbaɗa masa garin tagulla. Sannan ya kwance kwanrod na uku, sandar da ke haɗa fistin da karanshaf, babban ƙarfen nan da ke juyawa a ƙasan injin, ya miƙo mini metal ɗinsa, wato ɗan siririn ƙarfen da ke tsakanin kwanrod da karanshaf. Ya yi baƙi, ya baje kamar an murza shi da dutsen niƙa, har ya juya daga mazauninsa. Ya ce, “Ɗana, wannan injin ba gudu ne ya kashe shi ba, ƙishirwa ce.” Na ce, “Baba, ai man a cike yake, da safen nan na duba.” Ya ɗauko kwanon sha da ruwa rabi, ya karkata shi, ya nuna mini ɓangaren da ya bushe, bai ƙara cewa komai ba.

Bayanin da ya taƙaita da kwanon sha shi ne tushen duk aikin da ya biyo baya. Karanshaf ba ya taɓa metal idan injin yana da lafiya, yana shawagi ne a kan ɗan shimfiɗin mai da bai kai kaurin gashin kai ba, kuma famfo ne ke ciyar da wannan shimfiɗi ta wani bututu da ke zuƙo mai daga ƙasan kwano. A doguwar kwana, man da ke ciki, lita 4 da 'yan kai, yana taruwa a gefe ɗaya, wani kuma yana maƙale a saman injin bai gama gangarowa ba, sai bakin bututun ya zuƙi iska. A juyi 7,000 a minti, karanshaf yana zagayawa kusan sau 117 a kowace daƙiƙa, saboda haka daƙiƙa biyu na ƙarancin mai sun isa ƙarfe ya goga ƙarfe sau ɗari biyu da wani abu. Fitilar da kamfani ya sa kuwa ba ta kamawa sai matsin man ya kusa ƙarewa gaba ɗaya, wato ba gargaɗi take yi ba, ta'aziyya take kawowa.

Don haka a karo na biyu daga ƙasa muka fara. Na samo K24 na Acura TSX, wanda ke ba da ƙarfin doki 200 daga kamfani, muka kwance shi ƙwaya-ƙwaya ko da yake yana tashi lafiya. Kwanon mai muka fara gyarawa, aka walda masa shingaye na ciki masu ƙananan ƙofofi da ke barin mai ya shigo wajen bakin bututu amma su hana shi fita idan mota ta karkata. Famfon mai na asali na K24 yana haɗe da wasu sanduna biyu masu rage girgiza, kuma ba ya son juyi mai yawa, shi ya sa masu haɗa wannan injin da yawa suke musanya shi da na wani injin Honda da ake kira K20A2. Mu ma haka muka yi. Akwai wata 'yar hanyar mai a jikin bulok da ke ciyar da waɗannan sanduna, wadda dole a toshe ta idan an cire su, in ba haka ba matsin mai zai riƙa zubewa ta nan ba tare da kowa ya sani ba. Bayan haka na sa maleji biyu a gaban idona, ɗaya na matsin mai, ɗaya na zafinsa. Tsohuwar ƙa'idar masu haɗa injin ita ce a samu matsin mai aƙalla psi 10 a kan kowane juyi 1,000, kuma na sa wata jar fitila babba da ke kamawa tun matsin bai faɗi ƙasa da psi 25 ba.

Inda muka fi daɗewa shi ne awo, kuma a nan ne na fahimci bambancin wanda ya koyi aiki a masana'anta da wanda ya koye shi da ido kawai. A gareji da yawa, idan an yi wa karanshaf girandin, sai a sa sabon metal, a ɗaure, a juya da hannu, idan ya juya a ce ya yi. Baba bai yarda da wannan ba. Ya sa na sayo mikromita, ma'aunin kaurin ƙarfe, da wani siririn zaren roba da ake kira Plastigauge, wanda korensa ke auna rata daga milimita 0.025 zuwa 0.076. Ana yanka ɗan guntu a ɗora a kan karanshaf busasshe, a rufe, a ɗaure daidai ƙa'ida, ba a juya komai ba, sannan a kwance a gwada faɗin da zaren ya baje da ma'aunin da ke jikin takardarsa. Mun nemi rata wajen milimita 0.04 a kowane kwanrod. Honda tana yi wa metal ɗinta alamar launi a gefe, kowane launi da kaurinsa, don a iya daidaita kowane gurbi shi kaɗai, kuma a gurbi ɗaya sai da muka canza launi sau biyu kafin Baba ya gyaɗa kai. Ya rubuta kowace lamba a bayan kwalin sigari, ni kuma na kwafe su cikin littafi da na koma gida. Idan ratar ta yi kaɗan, zafi zai cinye ta metal ya kama, idan ta yi yawa kuma mai zai tsere matsi ya faɗi, kuma tsakanin waɗannan biyun abin da ke akwai bai kai rabin gashi ba.

Haka muka bi zoben fistin. Faɗin silinda milimita 87 ne, kuma zobe yana buɗewa idan ya yi zafi, saboda haka ana barin rata tsakanin bakinsa biyu. Idan bakunan suka haɗu a tsakiyar gudu, zoben ba shi da wurin zuwa sai ya fasa kafaɗar fistin. Mun bar wa na sama kusan milimita 0.40, wato ɗan sassauci fiye da na motar gida, domin na gwammace injin ya riƙa shan ɗan mai da ya fasa fistin. Kusoshin kwanrod na sa sababbi na kamfanin ARP. Na top silinda kuwa littafin Honda ya ce a fara ɗaure su zuwa Nm 39 a sifana mai awon ɗauri, sannan a juya digiri 90 sau biyu, a ƙara na uku idan sababbi ne, a bi su kuma daga tsakiya zuwa waje. Na taɓa ganin yaro ya sa bututun ƙarfe a hannun sifana ya hau kai da nauyinsa don ɗaure irin waɗannan kusoshi, kuma ina jin rabin gaskit ɗin da ke ƙonewa a garin nan daga nan yake farawa. Ranar haɗawa muka jira iska ta kwanta, domin watan Janairu ne, ƙurar hunturu tana shiga ko'ina. Muka share ɗaki, muka yayyafa ruwa a ƙasa, muka wanke bulok da sabulu da ruwan zafi har farin ƙyalle ya daina ɗauko baƙi daga cikin silinda, kuma duk lokacin da aka tafi salla sai an lulluɓe komai da leda.

Abokaina sun yi ta ba ni shawarar in sa turbo, ko aƙalla in sa manyan kamshaf, sandunan da ke buɗe bawul, in kai juyi 8,500. Na ƙi, kuma dalilina lissafi ne. Tafiyar fistin a K24 doguwa ce, milimita 99 daga sama zuwa ƙasa, saboda haka a juyi 7,000 matsakaicin gudunsa ya riga ya kai mita 23 a daƙiƙa, a 8,000 kuma ya haura 26. Nauyin da ke fizgar kwanrod da kusoshinsa ba ya ƙaruwa daidai da juyi, yana ƙaruwa ne da ninkin juyin a kansa, ma'ana daga 7,000 zuwa 8,000 an ƙara masa kusan kashi 30 cikin ɗari. Na mayar da iyakar zuwa 7,100, inda Honda ta sa jan layi a TSX. Doki 200 a motar da nauyinta bai wuce kilo 1,100 da kaɗan ba ya fi ƙarfin ƙwarewata a yanzu, kuma ba na jin kunyar faɗin haka. Iyayenmu da suka riƙe Peugeot 504 sun san wannan tun da daɗewa. A 1975, shekarar da aka fara harhaɗa Peugeot a Kaduna, 504 ce ta lashe gasar Safari a Kenya a hannun Ove Andersson, kuma sunan da motar ta yi a Afirka a kan juriya ta yi shi, ba a kan yawan doki ba.

Batun sanyaya injin ne ya haɗa ni musu da kusan kowa. Al'adar garejinmu ita ce a cire tamostat a jefar, a haɗa fanka kai tsaye da makulli, a ce ai na ƙasashen sanyi ne. Tamostat ɗin wannan injin yana fara buɗewa ne wajen digiri 78, kuma idan ya buɗe ba ya hana ruwa tafiya, aikinsa shi ne ya sa injin ya yi ɗumi da wuri ya kuma tsaya a zafi ɗaya, domin duk ratar da muka sha wahalar aunawa an lissafa ta ne a kan injin mai ɗumi. Wanda ya cire shi ya ɓoye matsalar lagireto ne kawai, kuma za ta fito a minti na goma sha biyar. Na sa sabon tamostat na asali, da lagireto na alminiyam mai kauri, sannan muka toshe duk wata kafa da ke tsakaninsa da gaban mota da falle da soso, domin iska ragguwa ce, idan ta sami hanyar zagayewa ba za ta ratsa ta cikinsa ba. Murfin lagireto ma ba ƙaramin abu ba ne. A tudun Bauchi, mita 600 sama da teku, ruwa yana tafasa wajen digiri 98, amma murfi mai riƙe matsin bar 1.1 yana ɗaga wannan zuwa kusan 120. Murfin da robarsa ta tsage ya mayar da kai 98 ba tare da sanarwa ba. Ruwan rijiya da na burtsatse kuwa suna barin gishiri a cikin bututu, shi ya sa nake zuba tataccen ruwa haɗe da maganin hana tsatsa, tun da mu ba mu da fargabar ƙanƙara.

Baƙin mai nake sa 5W-40 na roba zalla, ba 20W-50 da ake ɗura wa kowace mota a nan ba, kuma a wurin dila ɗaya nake saye, domin jabun mai a galan mai kyau ya yi yawa a kasuwa. Na ƙara masa ƙaramin lagireto nasa na kansa mai tamostat, saboda a gwajin farko a watan Maris, rana tana neman digiri 40, malejin ya haura 130 cikin minti goma. Yanzu yana tsayawa tsakanin 105 da 115. Buɗaɗɗiyar matatar iskar nan mai kyan gani ma na cire ta, na mayar da ta takarda a cikin akwati mai shaƙo iska daga waje, domin waccan tana zuƙar zafin injin, kuma ƙurarmu tana ratsa ta ta zama sanfefa a jikin silinda.

Saura man fetur, wanda shi ne ba ni da iko a kansa. Abin da ake sayarwa a gidajen manmu bai kai okten 95 da 98 da ake samu a Turai ba, okten kuwa shi ne ma'aunin juriyar fetur ga matsi kafin ya fashe da kansa, kuma wanda ya tuna gurɓataccen fetur mai yawan methanol da ya shigo ƙasar nan a Fabrairun 2022 ya san cewa ko ingancinsa ba kullum yake ɗaya ba. Injin TSX yana matse cakuɗen mai da iska 10.5 zuwa 1, kuma an ƙera shi ne don fetur mai daraja. Idan okten ya gaza, ga zafi, sauran cakuɗen da ke gefen silinda yana fashewa da kansa kafin wutar fulogi ta iso gare shi, kuma wannan bugu ne ke cin kan fistin ya kuma daddaki metal. A cikin hular kwano, da ƙarar salansa, kunne ba ya jin sa. Saboda haka da muka zo saita ƙwaƙwalwar motar, wadda ta Hondata ce da ake iya sauya lissafinta da kwamfuta, na ce wa mai saitin ya nemo inda ƙarfi ya fi yawa, sannan ya janye lokacin tartsatsi baya da digiri biyu zuwa uku, ya kuma bar cakuɗen wajen kaso 12.8 na iska zuwa 1 na mai idan an taka totur har ƙasa, maimakon 14.7 na tafiyar yau da kullum, domin rarar man tana sanyaya ɗakin ƙonewa. Ya ce mini, “Yallaɓai, doki biyar ko shida za ka bari a ƙasa.” Na ce na yafe su.

Akwai wani tarko da ya shafe mu mazauna tudu musamman. A Bauchi matsin iska yana wajen kPa 94, a bakin teku kuma 101. Injin da aka saita a nan bai taɓa shaƙar iska mai nauyin ta kudu ba, saboda haka layukan ƙarshe na jadawalin ƙwaƙwalwarsa ba a taɓa gwada su ba, kuma su ne zai hau da zarar an sauke shi a Edo an taka totur. Ƙarfi zai ƙaru da wajen kashi 6 cikin ɗari, haɗarin bugun ma zai ƙaru. Mun cike waɗannan layuka da hannu, da rowar tartsatsi da yalwar mai, kuma zagayen farko a can na yi shi ne da kwamfuta ɗaure a kujerar gefe tana ɗaukar bayanai.

Kafin tafiyar sai da na lallaɓa sabon injin. Na fara da baƙin mai na gargajiya mai araha, na yi ta kai da kawowa a hanyar Dass da sassafe, ina takawa ina saki a giya na uku da na huɗu don zoben su zauna, ba tare da barin sa yana aiki a tsaye ba. Na juye man bayan kilomita 80, na sake a 800, na daidaita ratar bawul da injin a sanyi, milimita 0.21 zuwa 0.25 a ɓangaren shigar iska, sannan muka gwada matsin silinda huɗun, suka zo kusa da juna.

Komawata ta biyu na yi zango biyar na minti ashirin-ashirin. A doguwar kwanar nan idona yana kan malejin mai fiye da kan hanya, allurar ta ɗan sunkuya daga psi 75 zuwa 68 ta koma. Abin da ya gaza a ranar birki ne, wanda ya fara laushi a zango na huɗu saboda mansa ya tafasa, kuma shi ne aikin da ke gabana yanzu, in Allah ya yarda. Da na dawo Bauchi na kai wa Baba filtar mai kamar yadda ya umarta. Ya yanka gwangwaninta, ya warware takardar ciki a kan benci kamar mai shanya kilishi, ya sa tabarau ya bi ta ninki-ninki a hasken rana. Da ya kai ƙarshe sai ya naɗe ta ya jefa a kwandon shara, ya tambaye ni ko na zo da littafin, domin yana so a rubuta awa nawa injin ya yi, kuma a awa na hamsin za mu sake sauke kwanon mu duba metal na uku.